Daga kaset zuwa kwamfuta: yadda ake kwashe sauti, da yadda za ka gwada ko kunnenka na jin bambanci

A gidaje da yawa akwai kwalin kaset da aka tura ƙarƙashin gado: tafsirin azumi na shekarun baya, waƙoƙin makaɗan fada, karatun wani alaramma, ko muryar kaka da aka ɗauka ranar suna. Duk wanda ya tashi mayar da su kwamfuta sai ya gamu da mai ce masa kada ya wahalar da kansa, wai muryar kaset ta fi daɗi, ta kwamfuta kuwa ba ta da rai. Mai wannan magana ya ji wani abu da gaske, sai dai ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Abin da ke lalata sauti yawanci rikoda ce mai datti, ko wayar da aka soka a ramin da bai dace ba, ko matse fayil da aka yi ta yi har ya tsiyaye. In aka kauce wa waɗannan, kwamfuta takan kwashe abin da ke kan kaset yadda yake, har da shuuu ɗinsa.

Kaset tsarin analog ne. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa faɗin milimita 3.81, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma ana ajiye sauti a kansa ne a matsayin maganaɗisu mai ƙaruwa da raguwa daidai da kaɗawar sautin. Shi ya sa kowane kwafi yake ci daga jikin na asali. Kaset ɗin da aka saya a Ƙofar Wambai, wanda aka buga daga wani da shi ma bugawa aka yi, jikan jika ne: kaifin muryar ya ragu, shuuu ya ninku. Tsarin dijital kuwa awo ne. Na'ura tana auna tsayin sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, in ma'aunin faifan CD ne, ta rubuta kowane awo da lamba. Lamba ba ta dusashewa wurin kwafa, kamar yadda lambar waya ba ta canzawa don ta bi ta hannun mutum goma, muddin kowa ya rubuta daidai.

Masu zana hoton sautin dijital kamar matakalar bene sun ruɗar da mutane. Abin da ke fitowa daga na'urar sumul yake. Ɗigo uku sun isa a zana da'ira, kuma da'ira ɗaya tak ce za ta bi ta kansu. Haka nan in ana awo fiye da sau biyu a kowace kaɗawa, sauti ɗaya ne kawai zai dace da waɗannan awon. Awo 44,100 ya ɗauki duk sautin da ke ƙasa da kaɗawa 22,050 a daƙiƙa, alhali kunnen yaro mai lafiya a 20,000 yake tsayawa, na babba kuma ya sauko ƙasa da haka. Ta fuskar tazara tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniyar na'ura, bit 16 na CD, wato tsawon lambar da ake rubuta kowane awo da ita, yana ba da kusan desibel 96 a ma'aunin ƙarfin sauti, kaset na yau da kullum kuwa tsakanin 50 da 60 yake. Wato kwanon awon ya fi hatsin girma nesa ba kusa ba.

To ina daɗin nan da ake ji ya fito? Zaren kaset idan aka cika masa sauti ba ya fashewa farat ɗaya, yakan danne ƙarar a hankali, ya rage kaifi, ya bar kauri. Bugun kalangu ko kotso sai ya fito da taushi. Wannan halin kaset ne, kuma yana cikin abin da ke fita ta wayar rikoda, don haka kwamfuta za ta ɗauke shi tare da sauran.

Kayan aiki

Rikoda ita ce gaba da komai, kuma a nan ya kamata kuɗinka ya tafi. Nemi irin ta tebur da ake haɗawa da amfilifaya, mai ramuka biyu fari da ja a baya da aka rubuta LINE OUT. Tsofaffin Sony, Technics, Pioneer ko Aiwa da mai gyaran rediyo ya sauya wa bel sun fi sababbin ƙananan nan masu USB da ake tallatawa a matsayin masu mayar da kaset MP3, domin injin waɗannan ba ya riƙe gudu ɗaya, murya tana rawa. In rediyo mai kaset kawai gare ka, ramin hedifon zai yi, amma ka mayar da maɓallan bes da kaifi tsakiya, ka bar ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku.

Sai na'urar shigar da sauti ta USB. Behringer UCA202 ko UCA222 tana karɓar wayar fari da ja kai tsaye, tana ɗauka a bit 16 har zuwa awo 48,000, kuma ta wadatar ga kaset. Focusrite Scarlett 2i2 tana ɗauka a bit 24, tana da maɓallin rage shigar sauti, amma sai ka nemi waya mai babban kai a gefe ɗaya. Kada ka soka rikoda a ramin hedifon na laftof. Sautin makirfo kawai ramin nan yake karɓa, hanya ɗaya yake ɗauka maimakon hagu da dama, kuma ƙarfin da rikoda ke fitarwa ya ninka abin da yake jira sau da yawa, sai sauti ya fashe. Ajiye waya a gaban sifika kuwa shi ne mafi muni: za ta ɗauko amon ɗaki da kukan akuya, manhajarta kuma ta riƙa ɗaga ƙara tana saukewa da kanta.

Ragowar ƙananan kaya ne: manhajar Audacity, wadda kyauta ce, audugar goge kunne, sifirit mai ƙarfi irin wanda masu gyaran waya ke wanke injin da shi, ƙaramar sukudireba wadda ba ta kama ƙarfe, biro mai kusurwa shida, da hedifon mai rufe kunne.

Kafin ka danna komai

Fara da ɓalle ƙananan haƙoran nan biyu da ke saman kaset. In babu su, maɓallin ɗauka ba zai shiga ba, ko yaro ya danna bisa kuskure ba zai goge maka karatu ba. Sannan ka leƙa ƙarƙashin zaren, tsakiyar bakin kaset, akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe wanda ke danna zare a jikin kan rikoda. Yakan faɗi idan kaset ya tsufa, kuma in babu shi murya za ta fito a dishe, tana zuwa tana ɓacewa. Maganinsa a kwance sukurori biyar na wani kaset mai lafiya, a mayar da zaren cikin wannan gidan. Zaren da ya tsinke kada a haɗa shi da salatif na kanti, domin gam ɗinsa yana narkewa da zafi ya manne zagayen da ke kusa. Akwai salatif na musamman na haɗa zare, ana liƙa shi a bayan zaren, gefen da ba ya taɓa kai.

Sa biro ka juya ka ji ko zaren na tafiya ba tare da turjiya ba, sannan ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya don ya saki jiki. Kaset mai lamba C120 zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi ne rikoda ta fi taunawa, sai ka tsaya a kansa har ya gama. Wanda ka ga farin fumfuna a jikinsa bayan damina, ware shi gefe, kada ya shafa wa rikoda da sauran.

Jiƙa auduga da sifirit ka goge kan rikoda, wanda masu gyara ke kira hed, da siririn ƙarfen da ke juyawa, da baƙar robar da ke matse zare a jikinsa. Za ka ga audugar ta koma ruwan ƙasa. Canza ta har sai ta fito fes, ka bari ya bushe minti biyu. Tsohon kaset yana zubar da garinsa, don haka a maimaita bayan kowane kaset biyu ko uku, da hunturu ma bayan kowane ɗaya saboda ƙura.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne tasiri, kuma shi aka fi tsallakewa. Kan rikoda yana zaune kan sukurori biyu, ɗaya daga cikinsu yana da sifirin a ƙasa, shi ke karkata kan hagu ko dama. In karkatar kan rikodarka bai yi daidai da na rikodar da ta ɗauki kaset ɗin ba, siraran sautuka ne ke fara tafiya: "s" da "sh" da "ts" su dushe, malami ya zama kamar yana magana da rawani a baki. Kaset ɗin kasuwa da aka buga a injina barkatai kowanne da karkatarsa. Cire murfin ƙofar rikoda, ka kunna kaset, ka haɗe hagu da dama su zama ɗaya a hedifon in da hali, sannan ka juya sukurun a hankali, bai wuce kwata ba, gaba da baya. Akwai wurin da muryar za ta buɗe tar, shuuu ɗin ma ya fi fitowa. Nan za ka tsaya. Kada ƙaruwar shuuu ta tsorata ka, alama ce kan ya hau layi. Yi haka ga kowane gefe na kowane kaset, kuma ka sa alama a inda sukurun yake tun farko.

Duba maɓallai biyu. Na nau'in zare: yawancin kaset ɗin kasuwa Normal ne, sai an rubuta CrO2 ko Metal za ka sauya. Na Dolby kuwa a kashe, sai dai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka. Dolby B yana rage shuuu da kusan desibel 10, amma in ka kunna shi a kan kaset ɗin da ba da shi aka yi ba, kaifin murya zai yanke.

Ɗauka

Cire cajar laftof, ka yi aiki da batir. Gurnanin nan mai kauri da ke biyo sauti na wutar lantarki ne, kaɗawa 50 a daƙiƙa, kuma sau da yawa ta caja yake shigowa, musamman in janareta ake ja. Nisanta wayar hannu da rikoda, don tana sa tsatsa a sauti idan kira zai shigo.

A Windows ka shiga saitin sauti ka tabbatar na'urar USB tana kan hanya biyu, ka kashe duk wani gyaran murya na atomatik. Windows takan ɗauke ta a matsayin makirfo mai hanya ɗaya. A Audacity zaɓi na'urar, hanya biyu, awo 48,000 ko 44,100. Nemo wurin da kaset ya fi ƙara, inda 'yan amshi suka shigo ko ganga ta ɗau zafi, ka saita yadda ma'aunin ƙara na Audacity zai riƙa kaiwa tsakanin desibel -12 da -6. Sifili bango ne. Kaset yana yafe wuce iyaka, dijital ba ya yafewa: duk abin da ya haura sifili yankewa ake yi, ya fito da ƙarar tsagewa wadda ba ta gyaruwa. Masu ɗauka da yawa sun saba cika allura har ja tun zamanin rikoda, kuma wannan sabon ne ya jawo wa dijital rabin baƙin jininsa.

Danna ɗauka a kwamfuta tukuna, sannan ka kunna kaset, ka bar shi ya tafi har ƙarshen gefen ba tsayawa. Saurara da hedifon. In algaita ko goge ya ja dogon sauti ka ji yana lilo sama da ƙasa, bel ya saki ko robar matse zare ta taurare. In muryar wanda ka sani ta siranta ko ta yi kauri, gudun injin ne ba daidai ba. Kuskuren kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga murya rabin mataki cur, kuma ko kashi 2 mai kunne zai ji. Akwai ɗan sukurun saita gudu a bayan yawancin motocin rikoda, aikin mai gyara ne.

Ajiye abin da ka ɗauka a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kafin ka taɓa shi, wannan shi ne uwa. Awa ɗaya a 44,100 da bit 16 tana cin megabayit 635, a 48,000 da bit 24 kuwa ta ɗan haura gigabayit ɗaya. Nau'in fayil na FLAC yana rage girman ba tare da zubar da komai ba. Duk wani gyara a kan kwafi za a yi shi: yanke shiru, raba waƙoƙi, ɗaga ƙara zuwa -1. Rage shuuu a yi shi da sauƙin hannu, desibel 6 ya isa, kuma samfurin shuuu a ɗauko shi daga shirun da ke tsakanin waƙoƙi. In aka zafafa, murya takan koma kamar daga cikin randa take fitowa. Ka ɗauki hoton takardar kaset gaba da baya ka ajiye tare da fayil, ka yi kwafi a wuri biyu ban da kwamfutar, kaset ɗin kuma kada ka yar.

Gwajin kunne

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin sauti yana da tarko biyu. Na farko ido: wanda ya ga kaset na juyawa ya riga ya yanke hukunci. Na biyu ƙara: in ɗaya ya ɗara ɗayan ƙarfi ko da kaɗan ne, kunne ba ya cewa ya fi ƙara, cewa yake ya fi daɗi. Duk gwajin da bai toshe waɗannan biyun ba hira ce kawai.

Samu waya mai raba sauti biyu ka sa a bayan rikoda. Reshe ɗaya ya tafi kai tsaye zuwa amfilifaya, a ramin AUX misali. Wannan shi ne A. Ɗayan ya shiga na'urar USB, ya bi ta Audacity da sauraron abin da ke shigowa a kunne, ya fito ta na'urar ya shiga ramin CD na amfilifayar. Wannan shi ne B. Kashe maɓallin MONITOR ko DIRECT da ke jikin na'urar, domin a irinsu da yawa yana zagaye kwamfutar ne gaba ɗaya, sai ka wayi gari kana gwada analog da analog.

Daidaita ƙara da mita, kada ka yarda da kunne. Cire rikoda na ɗan lokaci, ka sa wayar hannu mai fitar da sauti ɗaya tsayayye na kaɗawa 400 a madadinta, ka ɗora mitar masu gyaran lantarki a kan wayoyin sifika tana auna AC. Juya ƙarar amfilifaya har A ya nuna bolt 1.00, ka koma B ka gyara fitar kwamfuta har ya nuna tsakanin 0.99 da 1.01. Daga nan ba mai sake taɓa maɓallin ƙara.

Ana buƙatar mutum biyu. Mataimaki ya jefa kwalin ashana sau 16 a ɓoye, fuska A, baya B, ya rubuta jerin. Mai sauraro ya zauna ya juya baya, ya ji A da B a bayyane iya son ransa. Sannan a kowane zagaye mataimaki ya mayar da kaset wuri ɗaya, ya juya maɓallin amfilifaya zuwa wani rami da ba komai sannan ya kai shi inda takarda ta ce, ko da bai canza daga na baya ba, ya kunna daƙiƙa 20 zuwa 30. Kada ya sauya ana cikin kiɗa, don B yana ɗan makara kuma tsallen zai tona asiri. Kada ya yi magana, kada ya faɗi sakamako sai an gama. A huta bayan zagaye takwas, kunne na gajiya.

Mai cinta kawai yakan samu wajen 8 cikin 16. Samun 9 ko 10 ba komai ba ne. Daga 12 zuwa sama ne abin dubawa, domin damar kai wa nan da sa'a ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. In wani ya kai, a fara binciken kayan kafin a yi masa kirari: ko B na da gurnani, ko hagu da dama sun juye, ko ƙarar ta goce. A gyara a sake.

An yi irin wannan a manyan wurare. A 2007 Brad Meyer da David Moran na birnin Boston a Amurka suka wallafa gwajin da suka sa irin wannan zagaye na 44,100 da bit 16 a hanyar faifai masu ingancin da ya fi na CD. Cikin amsoshi 554, 276 ne suka yi daidai, wato rabi. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya haɗa gwaje-gwaje 18 ya sami ɗan bambanci, amsoshin da suka yi daidai sun kai kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari, wanda ke ƙaruwa ga waɗanda aka horar. To wannan ma tsakanin CD ne da abin da ya fi shi, kaset yana can ƙasa. A 2022 kuma ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu son faifan garmaho ke sayen kayansa da tsada a kan zallan analog ne, ya shafe shekaru tun 2011 yana bi da yawancinsu ta matakin dijital. Masu sharhi sun yi ta yabon faifan duk tsawon lokacin, kuma ba kunne ne ya gano ba.

Inda bambanci ke fitowa da gaske shi ne matse fayil. MP3 yana zubar da abin da ya ƙiyasta kunne ba zai lura ba. Fitar da minti ɗaya daga uwar WAV a matakan MP3 uku, 64 da 128 da 320 (ƙaramar lamba ta fi matsewa), ka sa kowanne da uwar a manhajar foobar2000 tare da ƙarinta mai suna ABX Comparator, wadda ke yin aikin mataimaki da kwalin ashana da kanta. Zaɓi wurin tafi, ko caki, ko inda jama'a ke amsa kabbara, don nan matsi ya fi kasawa. A 64 kusan kowa zai ji sautin na walwal kamar ruwa. A 320 mutane ƙalilan ne ke wuce cinta. Shuuu na kaset shi ma yana cin rabon matsi, don haka fayil ɗin kaset ya fi buƙatar 192 zuwa sama fiye da yadda ake zato. Yi gwajin da hedifon mai waya, domin Bluetooth yana sake matse duk abin da ya bi ta kansa.

Abin da ke kashe karatu da waƙa a wayoyin mutane shi ne matsi kan matsi: an mayar da kaset MP3, wani ya sa shi a bidiyo ya ɗora a Facebook, wani ya sauke ya sake mayarwa MP3, wani ya kunna ya ɗauka da saƙon murya. Kowane mataki yana ci, kamar dai bugun kaset daga kaset. Duk lokacin da za ka fitar da sabon MP3, koma kan uwar WAV. In kuma ta WhatsApp za ka aika, tura shi a matsayin takarda, ta wurin da ake tura fayil, don ya isa hannun mai karɓa yadda ya bar naka.